Sai Ka Amsa Kafin Ka Gani

Assalamu alaikum masu bibiyar labarin nan. Na karanta abin da kuka rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce, har da yarinyar da ta ce tsoho mai shekara sittin da huɗu ba ruwansa da soyayya, ya kama carbi. 'Yata, Allah ya ja kwananki ki kai shekaruna, ki wayi gari ki zuba shayi kofi biyu saboda sabo, ki sha ɗaya ki zubar da ɗaya. Ranar sai ki dawo mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Subhi. Usta Subhi ake ce mini, wato gwanin sana'a, tun ina tuƙin babbar mota. Karatuna bai wuce aji huɗu ba. Na yi Libiya, na yi Iraƙi, na yi Kuwait, na dawo garinmu nan Buhaira da ciwon baya da kwamfuta takwas, na buɗe shagon intanet a shekarar 2003. Matata Samiha ta rasu, bana shekara bakwai. 'Ya ɗaya gare ni, Tahani, tana aure a Iskandariyya. Sai kuma wata baiwar Allah, Sitt Awatif, wato Uwargida Awatif, wadda nake so in aura. Ta amince, amma da sharaɗi ɗaya. Sharaɗin nan ne nake ta yi muku kewaye-kewaye a kansa. Yau zan faɗa, kowa ya zage ni ya huta.

Ku 'yan yanzu ba ku san dandali ba. Kafin Fesbuk ya zo ya sa kowa ya liƙa hoton fuskarsa, kowane gari da dandalinsa a intanet, kuma ba mai shiga da sunansa. Mu ma muna da namu, ni na buɗe shi, ni ke riƙe da makullinsa, sunana a ciki Mai Gadi. Akwai ɗakin ƙwallo, ɗakin girki, ɗakin wa'azi, da ɗakin siyasa wanda ba ya rabo da hayaƙi. Mutumin da ba ya iya ɗaga ido gaban ɗan sanda, da ya zauna a kujerar shagona sai ya zama Zakin Buhaira. Wani ladani na sani, sunansa a ciki Zuciya Mai Rauni. Ni kaɗai na san kowa, domin a gabana suke zama, ina kawo musu shayi ina leƙen allo ta gefen ido.

Muna da wata al'ada a lokacin, kusan duk dandalin Larabawa haka yake. In ka kawo abu mai daɗi, waƙa ko hoto ko takarda, sai ka kulle shi cikin akwati. Mai karatu ba ya ganin komai sai layi ɗaya: an ɓoye, sai ka amsa kafin ka gani. Ko me ka rubuta akwatin zai buɗe. Amma mutanenmu masu ladabi ne, ba wanda zai buga harafi ɗaya ya wuce. Kowa sai ya rubuta "Allah ya saka da alheri", ko "Allah ya sa a mizani". Mu masu dandali mun so abin, saboda yana tara amsoshi, dandali ya yi kama da kasuwa mai ci.

Ku riƙe wannan, a nan na hallaka mutum.

Ustaz Lutfi malamin ilimin ƙasa ne a makarantar 'yan mata. Dogo, siriri, da tabarau mai ɗauri da zare. Ranar Juma'a bayan masallaci yakan bi bakin rafin da ke shayar da gonakinmu da 'yan kwalabe a jaka, yana ɗibar ruwa yana rubutu a littafi. Yana kuma tara kan sarki, wasiƙu na zuwar masa daga ƙasashen waje. A 2005 ya fara yawo gida-gida yana neman goyon baya, wai in zaɓen majalisar gari ya zo zai tsaya. Magana biyu yake yi: ruwan rafi ya ƙazantu, kuma a rufe shagunan intanet lokacin da yara ke makaranta. Ta biyun ce ta taɓa ni.

Ban tsane shi ba. Wallahi ko musu ba mu taɓa yi ba. So nake kawai in ɗan ja masa kunne. Wata safiya ya zo shagona a ɗaukar masa hoton wasu takardu, cikinsu har da ambulan mai kan sarkin Beljiyam. Na ajiye hoton ambulan ɗin. Da rana na buɗe sabon suna, Idon Gari, na shiga ɗakin siyasa na rubuta: "Wa ke biyan malamin da ke auna ruwanmu, kuma ina yake aika sakamakon? Hujja tana cikin akwati." Na kulle. Sannan na koma Mai Gadi na liƙa batun a can sama.

Kafin magariba amsa ɗari uku. Cikin mako biyu, dubu huɗu da ɗoriya, har daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Duk wanda ya amsa ya buɗe, ambulan kawai yake gani, babu komai a ciki. Wasu na ga sun taɓe baki a gabana sun koma ɗakin ƙwallo. Amma amsarsu tana nan, ba ta goguwa. Wanda ya zo daga baya ba ambulan yake fara gani ba. Mutum dubu huɗu yake gani a jere, kowa na cewa Allah ya saka da alheri, Allah ya tona asirin maciya amana. Sai ya ɗauka mutum dubu huɗu sun ga hujja sun gamsu. Ko ni da na ƙulla abin, da na ga layin nan sai da na ji kamar akwai ƙamshin gaskiya.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Wani ya ce ya ga mota mai baƙin gilashi a ƙofar malam. Wani ya ce za a sayar da rafin ne ga wata ƙasa, malam ne ke zana musu taswira. Wani ya haɗa shi da karyewar farashin auduga. Aka zo aka tafi da shi kwana biyu, aka sako shi da ban haƙuri, ba a same shi da komai ba. A dandali aka ce, kun gani, har a sama yana da mutane. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga darasinsa na gida. Mai gurasa ya koma miƙa masa ba tare da kallonsa ba. Da kansa ya nemi a mayar da shi can kudu, wajen Aswan. A can ya rasu a 2012. Har yau labarin bai mutu ba. Bara na gan shi a Fesbuk, an canza gari, an mayar da malamin likita, amma kwalabe suna nan.

Sitt Awatif matarsa ce.

Dandali ya mutu tun da kowa ya koma Fesbuk, shago ma na rufe shi na ba mai gyaran waya haya. Amma ban kashe dandalin ba. Kowace safiya bayan na ba tantabaru hatsi a saman bene, nakan buɗe shi a tsohuwar kwamfutar da ta rage mini. A ƙasan shafi akwai inda ake rubuta masu kan layi yanzu. Shekara da shekaru lamba ɗaya nake gani: 1. Ni ke nan. Kamar mutum ya riƙa share masallacin da unguwa ta tashi ta bari.

Shekara uku da suka wuce, wata Talata, na ga 2. Har na goge tabarau. Sabon suna, Baƙuwa. Ta shiga ɗakin girki ta tambayi yadda ake hana miyar lalo tsinkewa. Na amsa mata da abin da na gani wajen Samiha: kada a rufe tukunya, kada a bar ta ta yi ta tafasa. Washegari ta dawo ta ce ta gwada, ta yi. Haka muka fara. Girki, ciwon gwiwa, tantabaru, yadda gida ke ƙara faɗi in mutum ya rage shi kaɗai. Shekara biyu ban san ko wace ce ba. Ranar da ta faɗa mini sunanta, Awatif, ta ce ta dawo gari tana zaune gidan yayanta Hajji Mitwalli, na tashi na zagaya falo sau ba adadi. Na ce wa kaina gobe zan gaya mata abin da na yi wa mijinta. Goben nan yau shekara guda ke nan.

Watan jiya na je neman aurenta. Na sa jaket ɗina mai ruwan toka, wanda na saya a Kuwait, da farar riga, na riƙe tiren basbusa, kek ɗinmu mai ruwan sukari. Falon Hajji Mitwalli kujeru ne masu ruwan zinariya, har yanzu da ledarsu, in ka motsa sai sun yi ƙara. Ta shigo da doguwar riga ruwan bula mai duhu da mayafi fari, tabaraunta rataye a wuya da siririyar sarƙa, ta ajiye mini shayi da na'ana'a, sukari cokali ɗaya. A dandali na taɓa faɗa sau ɗaya, ta riƙe.

Hajji ya ce, "To Usta, ka zo ɗauke mana mai dafa mana abinci. Me ka tanada na zinaren baiko? Ko tantabaru za ka kawo?"

Na ce, "Hajji, in tantabaru take so, har da gidansu."

Ta ce, "Yaya, bar shi. Zinare na sa na cire. Abu ɗaya nake so."

Ledar kujera ta yi ƙara a ƙarƙashina.

"Usta, kai ne mai makullin dandali. Ka san kowa da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Wane ne Idon Gari?"

Hajji ya ce, "Haba Awatif, shekara goma sha tara! Ki bar mamaci ya kwanta."

Ta ce, "Ba kotu zan kai shi ba, Yaya. Ba zagi zan yi ba. Tun da na dawo garin nan, duk namijin da ya gaishe ni a hanya sai in ce ko shi ne. Mai nama, mai magani, limamin da ya yi wa Lutfi addu'a. Na gaji da zargin gari guda. So nake in san mutum ɗaya, in saki sauran." Ta juyo gare ni. "Abin da ya kawo ni dandalinka ke nan tun farko, ba lalo ba. Lalo na iya tun kana Libiya. Daga baya ne na zauna don wani dalilin."

Masu karatu, na taɓa tsayawa gaban soja a kan iyaka da kayan da ba su da takarda, ban yi gumi irin na ranar ba. Na ce, "Bayanan sun tsufa, Sitt. Sai na bincika." Ta ce ba ta gaggawa.

Tun daga ranar saƙonninta ba su canza ba. Da safe: "Ka sha maganin hawan jini?" Da rana hoton tukunya. Ba ta sake tambaya ba ko sau ɗaya. Da ta tambaya da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis da ta wuce Tahani ta zo da jirgin ƙasa na safe, da robobi shida na abinci kamar kullum: kabeji naɗe da shinkafa, kifi, wake. Tana jera su a firji tana mita.

"Baba, na makon jiya ma ba ka taɓa ba. Soyayya ce ta hana ka ci? Ango! Ka ga yadda ka rina gashin baki kuwa? Ya yi baƙi kamar takalmin soja."

"Rufe firjin ki zauna."

Ta ga fuskata, ta zauna a kujerar uwarta. Na gaya mata komai, tun daga ambulan. Ban taɓa faɗa wa mai rai ba.

"Ustaz Lutfi ya koyar da ni, Baba."

"Na sani."

"Mai kwalba muke ce masa. In ya juya yana rubutu a allo sai mu riƙa buga biro a kwalbar ruwa. Bai taɓa juyowa ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni ma na amsa. Furen Bazara, ni ce. A kwamfuta ta uku, kana kawo wa mutane shayi. Na rubuta Allah ya saka da alheri."

Wannan ban sani ba. Ni da nake taƙamar na san kowa.

Na zaci za ta tashi ta tafi. Sai ta ja kujera ta matso.

"Ka ce na'urar ta ƙone."

"Ta san tana aiki, kullum a ciki muke."

"To ka ce wani ne da ya mutu. Ka ce Kawu Bayumi ne. Ya rasu, ba zai musa ba."

"Bayumi ko sunansa ba ya iya rubutawa, da yatsa yake sa hannu."

"To wani! Gari cike yake da matattu, Baba, ka zaɓi ɗaya!"

"In sake ɗora wa wani abin da bai yi ba? Da 'ya'yansa a gari?"

Ta buga tebur. "To ka faɗa mata, ta kore ka, ka dawo nan ka zauna da tantabaru! Na ce ka dawo Iskandariyya ka ƙi. Ka san abin da nake ji duk safiyar da na kira ba ka ɗauka ba? Ina tsaye a kicin ina lissafa kwana nawa za ka yi a kwance kafin maƙwabta su fasa ƙofa. Matar nan ta sa ka koma aske gemu. Ta sa kana shan magani. Ustaz Lutfi ya tafi, Allah ya ji ƙansa, gaskiyarka ba za ta dawo da shi ba. Kai kuma kana da rai."

Na ce, "In na aure ta a haka, kullum za ta zuba wa Idon Gari shayi, ta fita tana zargin mai nama."

Da za ta tafi ta sumbaci hannuna kamar yadda ta saba, amma ba ta ɗora shi a goshinta ba. Daga tasha ta turo saƙo: "Kifin ka fara ci, ba ya jimawa."

Ranar Asabar da hantsi na zauna gaban kwamfuta. Na buɗe sabon batu a ɗakin siyasa, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Na rubuta: "Zuwa ga Baƙuwa. Na samo sunan. Yana raye, yana garin nan, kuma a shirye yake ya zo gabanki in kin yarda." Sannan na rubuta sunana cikakke, Subhi Abdul Maksud, na kulle shi cikin akwati.

Kada ku tambaye ni dalilin kullewar. A lokacin na ce wa kaina ina ba ta zaɓi ne, in ta ga dama ta buɗe, in ta ga dama ta bari. Yanzu da nake rubuto muku na san ƙarya nake yi wa kaina. Na san ladabinta. Na san abin da za ta rubuta kafin akwatin ya buɗe. So nake in samu "Allah ya saka da alheri" guda ɗaya daga hannunta, in ajiye, kafin ta san ko ni wane ne. Tsohon hali bai bar ni ba.

Na zauna ina kallon ƙasan shafi. 1. Na dafa shayi ya huce. Mai gwanjo ya wuce da amalankensa yana kira, aka yi azahar, ban motsa ba. Wajen ƙarfe biyu lambar ta koma 2.

Mai makulli yana ganin inda kowa yake. Tana cikin batun. Minti biyar. Minti ashirin. Ina sabunta shafi kamar yaran da nake kora daga shagona. Amsoshi: babu. Minti arba'in da ɗaya tana kallon layin nan guda, sai ka amsa kafin ka gani. Sai lambar ta koma 1.

Wayata ta yi ƙara a kan tebur.

"Usta, na ga akwatin. Ban buɗe ba."

Na fara rubutu, wani saƙon ya shigo.

"Mutum dubu huɗu sun sa wa mutumin nan albarka kafin su ga abin da ya ɓoye. Na karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, har na haddace wasu. Ni ba zan zama ta gaba ba. Lutfi da sunansa da fuskarsa aka yi masa. Wanda ya yi ma ya zo da sunansa da fuskarsa."

Na rubuta: "Yaushe?"

"Juma'a bayan la'asar, gidan Yaya. Na ce masa ya bar mana falon."

Na rubuta: "Zan kawo shi."

Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na ƙirga, sau huɗu. Sannan:

"Kofi ɗaya zan fitar na baƙo. Ka sha maganinka."

Yau Laraba. Tun ranar ba hoton tukunya, dandali kuma ya koma 1. Na karanta layin nan na kofi har ya daina kama da rubutu. Ko tana nufin Idon Gari za ta ba shayi ni in tsaya, ko ni za ta ba shi ya tsaya, ko kuwa ta daɗe da sanin cewa mutum ɗaya ne zai hawo matakalar nan. In ta sani, tun yaushe? Tun kafin sukari cokali ɗaya, ko bayansa? Ban gaya wa Tahani ba. Na dai cinye kifin.

Ɗazu da safe na ɗauki jaket mai ruwan toka na kai wa Usta Girgis mai guga a bakin layi. Ya ɗaga shi sama, ya kaɗe kafaɗa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Sau biyu a wata guda, Usta Subhi? Jaket ɗin da sai an yi babban rashi yake ganin rana? Faɗa mini in san irin karin da zan yi masa. Biki ne ko ta'aziyya?"

Na ce, "Kai dai goge shi. Sai Juma'a zan sani."